ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA: INA KUƊIN GYARAN YARANMU?

Jama'ar bakin iyaka. Mutanen Ƙonni da Madawa, na Gidan Rumji da Madarunfa da Ɗan Isa, na Tasawa da Gazawa, na Matamaye da Magarya da Dungas. Iyayenmu maza da iyayenmu mata, malamai, ƴan kasuwa, da ku samari da ke zaune a fada kuna jiran shayi ya dahu. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba, domin maganar ta shafi kowane gida.

A lokacin yaƙin neman zaɓen 2020 kowa na zuwa muku da zancen hanya da rijiya da taki. Mu yau wata magana muka ɗauko wadda ƴan siyasa ba su son taɓawa, saboda ba ta kawo tafi a dandali. Maganar yaran da ke faɗawa hannun ƴan sanda da jandarma ce, da kuɗin da ya kamata gwamnati ta ware domin kada su faɗa, domin kuma a gyara waɗanda suka riga suka faɗa. Babu unguwar da ba ta da irin wannan yaro. Wani salula ya ɗauka a kasuwa, wani tramol aka samu a aljihunsa, wani faɗan ƙungiya ne ya kai shi ga sarar ɗan uwansa. Uwarsa tana nan cikinmu, tana zuwa biki tana zuwa suna, ba ta dai faɗa wa kowa inda take kai kwanon tuwo kowace rana.

Ranar 7 ga Afrilun 2011 mutanen nan suka hau mulki, a ƙarshen 2020 saura ƴan watanni ne su cika shekara goma. Sun rubuta dokoki masu kyau a kan yara, sun sa hannu, an ɗauke su hoto. Kuɗin aiwatar da dokokin kuwa sun bar wa baƙi. Ranar da baƙo ya naɗe tabarmarsa, ranar aikin ke mutuwa. Wannan ita ce ƙarar da muka kawo gabanku.

DOKA TANA NAN, BA MU MUSA BA

Ba za mu yi musu ƙazafi ba, a kan takarda Nijar ba ta bar komai ba. Tun 1990 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare haƙƙin yara. A 1999 aka kafa kotunan yara, a watan Nuwamban 2014 kuma majalisa ta yi sabuwar doka mai lamba 2014-72 wadda ta fayyace aikin alƙalin yara. Kundin hukunta laifuka ya ce yaron da bai kai shekara 13 ba, ba a ɗora masa laifi. Daga 13 zuwa 18 alƙali zai duba ko ya san abin da yake aikatawa, in ma ya sani, hukuncinsa ba ya kai na babba. Dokar watan Disamban 2011 da ta kafa hukumar ANAJJ ta ba duk yaron da aka gurfanar haƙƙin samun mai kare shi ba tare da iyayensa sun biya ko dala ba. A 2017 aka yi dokar aikin amfanin jama'a, wato mai ƙaramin laifi ya yi wa gari aiki maimakon a rufe shi. A 2019 aka ce a kafa kwamitocin kare yara tun daga jaha har ƙauye. Sama da duk waɗannan, tsarin mulkin da ake aiki da shi a lokacin, na 25 ga Nuwamban 2010, a aya ta 24, ya ɗora wa gwamnati nauyin kare matasa daga ci da gumi da watsarwa, da koya musu sana'a, da sama musu abin yi.

To ku sake duba jerin nan, kowace doka a cikinsa ci take yi. Alƙalin yara ba ya yanke hukunci mai kyau sai ma'aikacin jin daɗin jama'a ya je gidan su yaron ya gano halin da ake ciki. Ma'aikacin yana buƙatar moto, moto yana buƙatar esansi. Aikin amfanin jama'a yana buƙatar wanda zai tsaya a kan yaron ya ga ya zo ya yi. Kwamitin ƙauye da aka kafa da baki, in yaro ya ɓata a kasuwar Jibiya, da kuɗin wa za a bi sawunsa? Da na mai gari? Dokar da ba a bi ta da kuɗi ba kamar a ba mutum gona ne a hana shi iri, sannan da kaka a zo ana tambayarsa dami nawa ya samu.

MU BI YARO ƊAYA SAWU DA SAWU

Ba sai mun sa masa suna ba, kowa ya sa sunan wanda ya sani. Shekararsa goma sha biyar, an kama shi ranar kasuwa.

Tambayar farko da za a yi masa ita ce shekarunsa. Duk sauƙin da doka ta yi wa yara a kan wannan tambaya ya rataya. Amma yara nawa ne a ƙauyukanmu ke da takardar haihuwa? An haife shi a gida, ko an haife shi a tsallaken iyaka lokacin da uwarsa ta tafi goyon ciki gidansu, ko kuwa tun yana ɗan shekara bakwai aka kai shi karatun allo Katsina ko Kano. In Allah ya yi shi dogo, gashi ya fara tsiro a haɓarsa, abin tsoro shi ne a dube shi da ido a rubuta shi babba. Takarda ɗaya da ba ta fi tafin hannu biyu ba ita ke raba yaro da ɗakin manya. Hanyar samar da ita kuma sananniya ce, alƙali ya fita ƙauye ya zauna ya yi wa jama'a takardun a wurin. An iya yin haka, mun gani ana yi idan zaɓe ya gabato ana neman masu katin zaɓe. Me ya hana a riƙa yi kowace shekara saboda yara?

Tambaya ta biyu, wa zai tsaya masa? Kusan duk lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune. Daga Yamai zuwa Maraɗi sama da kilomita 600 ne, zuwa Damagaram kusan 900. Babu lauyan da zai yi wannan tafiya a kan shari'ar salula. Shi ya sa aka tanadi masu kariya da kotu ke naɗawa, mutanen gari ne masu ilimi waɗanda ba lauyoyi ba. Dabara ce mai kyau, amma su ma mutane ne masu iyali. In ba a horar da su ba, ba a kuma biya su ɗan haƙƙinsu a kan lokaci ba, za su zo ranar shari'a su tsaya a gefen yaron da ba su taɓa gani ba, su roƙi sassauci, su koma gida. Sunan an kare shi ke nan.

Sai jira. Nan ne yara ke lalacewa. Fiye da rabin mutanen da ke gidajen kaso na ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, shari'a suke jira. Ba kowane gidan kaso ke da ɓangaren yara ba. Ƴan mata kuwa, yarinyar talla ko ƴar aikin da uwar ɗaki ta ce ta ɗauki sarƙa, tare da manyan mata ake haɗa su. Wanda ya taɓa kai wa ɗan uwa abinci ya san cewa cikin kaso akwai sarki akwai fadawa, akwai mai wurin kwana mai kyau akwai mai kwana bakin bokiti, kuma yaro marar kowa shi ne a ƙasan kowa. Shi ke wanki, shi ke aike. Da dare kuma yana sauraron darasi daga bakin waɗanda suka ƙware: yadda ake fasa kwaɗo, yadda ake tayar da moto ba makulli, wa ke sayen kayan sata a wane gari. Ya shiga da laifin salula ɗaya, ya fito da lambobin waya goma a ka.

Ku tuna watan Maris na shekarar 2020, da cutar korona ta shigo. Shugaban ƙasa ya yi wa fursunoni 1,540 afuwa domin a rage cunkoso. Madalla. Sai dai afuwa wanda aka yanke wa hukunci ake yi wa. Yaron da ke jiran alƙali ya buɗe takardarsa, shi ko cikin lissafi bai shiga ba. Manya sun ɗauki kayansu sun fita, shi yana leƙe.

Ranar da ya fito ma, ina za shi? Lakwal ta wuce shi. Mai garejin da yake zuwa a da ya ce ba ya son ɗan kaso a wurinsa. Gidan da zai nemi aure nan gaba sun riga sun ji labari. Waɗanda kawai za su tarbe shi da fara'a su ne abokan da suka kai shi can.

KUƊIN NA WA NE?

Masu mulki za su ce ai ana aiki, ga ofisoshin kare yara, waɗanda aka daɗe ana kira SEJUP, ga ɓangaren yara da aka gyara a wasu gidajen kaso, ga masu koya musu ɗinki da kafinta. Gaskiya ne, akwai. Ku je ku karanta allon da ke bakin ƙofa. Za ku ga tambarin UNICEF, ko tutar Tarayyar Turai mai taurari, ko sunan wata ƙungiyar agaji. Ba mu zagin waɗannan baƙi, Allah ya saka musu, sun yi abin da masu gida suka ƙi yi. Ma'aikatanmu da ke waɗannan ofisoshi ma ba su muke nufi ba, da yawansu daga aljihunsu suke saya wa yaro abinci kafin a samo iyayensa.

Amma kowa ya san halin furoje. Shekara biyu ne ko uku. Yana da garuruwan da ya zaɓa, in ƙauyenku ba ya cikin jerin to sai haƙuri. Abin da mai kuɗin ke so bana shi ake yi, baɗi in hankalinsa ya koma kan wata matsala ko wata ƙasa, sai a rufe ofis, moto ya tsaya don babu kuɗin taya, keken ɗinkin ya yi tsatsa, yaron da ya kai rabin koyo ya koma tasha. Kuma kafin kuɗin su iso nan sai sun bi ta Yamai. A can ake taron ƙara wa juna sani a otel mai sanyi, a raba kuɗin zama, a sayi kat-kat, a buga rahoto mai hoto. Mu da aikinmu fassara ne mun sha juya irin waɗannan takardu daga Faransanci zuwa Hausa. Kalmomin da suka fi yawa a ciki su ne wayar da kai da ƙarfafa ƙwarewa. Za ka yi shafi ashirin ba ka ci karo da kalmar guduma ko almakashi ba. Yaron da ke jin yunwa an wayar masa da kai sau uku, har yanzu ba shi da abin yi.

Gwamnatin da ta san ciwon kanta tana karɓar taimako ta ɗora a kan nata. Wannan ta mayar da taimakon shi ne tushe. Ɗanka na cikinka, ka ce tarbiyyarsa sai maƙwabci ya ga dama, kai kuma kana gina bene a bakin titi. A watan Yulin 2019 Yamai ta karɓi taron ƙolin Tarayyar Afirka, an ga sababbin otel, an ga filin jirgin sama ya sake kama, an ga tituna da fitilu. Ba mu ƙi babban birninmu ya yi kyau ba. Amma mutanen da suka iya nemo hanyar yin waɗannan cikin ƙanƙanin lokaci, kada su zo su ce mana sun rasa dabarar ciyar da tsohuwar cibiyar gyaran yara ta Dakoro. In sun zo neman ƙuri'a ku tambaye su yara nawa ne ke koyon sana'a a cikinta yau, nawa aka rubuta mata a kasafin bana, nawa kuma ya isa hannunta.

IYAKA A RUFE, HANNUN YARA A SAKE

Mu mutanen nan ba mu buƙatar wani masani ya zo ya gaya mana abin da ke jefa yara cikin laifi. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakarta. Kafin nan yaro marar jari yana samun na abinci a Ɗan Isa ko Ƙonni ko Ɗan Barto, ya yi dako, ya tura baro, ya ɗauki fasinja a kabu-kabu, ya sayar da ruwa ga direbobin manyan motoci. Dare ɗaya duk wannan ya tsaya. Abin da ya rage a lokacin shi ne hanyar daji. Buhun shinkafa a bayan moto cikin duhu ba fitila, jarkar esansi a dawo da ita. Mu ne muke da matatar mai a Damagaram tun 2011, amma a 2020 lita tana 540 a gidan mai, don haka kowa wurin ɗan ruwa-ruwa yake saye, har da masu kama shi. Wa ke tuƙa moton cikin dare? Alhajin da ke da kayan yana gida yana barci. Yaro ne, kuma don ya iya jure tafiyar sai ya haɗiyi tramol. Yau ƙwaya biyu, wata mai zuwa biyar. Ranar da aka tare hanya shi za a kama, ranar da moto ya kife shi za a binne.

A ƙarshen 2020 an cika shekara ɗaya da wata uku ana cikin wannan hali. Rufe iyaka ba laifin gwamnatinmu ba ne, mun yarda. Amma wane shiri ta fito da shi saboda samarin da abincinsu ya yanke? Ku da ke nan, wa ya zo ya rubuta sunayenku?

A kan wannan kuma sai ga korona, gwamnonin arewacin Najeriya suka shiga kwashe almajirai, aka dawo mana da namu a motoci. An auna su, an kai su gida, an ɗauki hoto. Bayan nan fa? Iyayen da suka tura yaro saboda rumbu ba ya kai su damina, rumbun bai ƙaru ba don yaron ya dawo.

Lakwal ita ce katangar farko. An yi mana alkawarin karatu kyauta kuma dole har shekara 16. Abin da muke gani shi ne ajin zana da ba a shiga sai an gama girbi an samu kara, da malaman kwantaragi da ke bin bashin albashi. Yaron da aka kora daga kwaleji don bai samu maki ba, ba shi da gona, ya kuma fi ƙarfin a aike shi talla, a fada zai zauna. Fada ba laifi ba ce, mu ma a can muka sha shayi muka girma. Sai dai mutanen Damagaram sun ga yadda wasu fadoji suka rikiɗe suka zama pale, da ɗaga ƙarfe da adda da rabon unguwanni, sun kuma ga abin da ya faru a watan Janairun 2015 da gari ya kama da wuta. Ruwa ba ya tsami banza.

Yanzu ga wani mai ɗaukar aiki ya matso kusa. Mutanen Gidan Rumji da Madarunfa sun san abin da muke nufi. Tun 2019 dubban ƴan gudun hijira suka shigo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, ƴan bindiga kuma suna tsallakowa su kore shanu su ɗauki mutane. Waɗannan mutane suna buƙatar mai kai musu mai da burodi, da mai gaya musu gidan da aka sayar da sa. Suna biya nan take, ba su tambayar takardar haihuwa, ba su kuma ƙyamar wanda ya fito daga kaso. Duk yaron da muka saki a titi ba sana'a, akwai mai jiran sa a daji.

ZA SU CE BABU KUƊI

Za su ce yaƙi ya cinye komai, Diffa da Tillaberi sun sha gaban kowace buƙata. Muna girmama sojojinmu. Ba mu manta da 71 da suka kwanta dama a Inates cikin Disamban 2019 ba, da 89 na Shinagodar cikin Janairun 2020, Allah ya jiƙansu. Saboda girmansu ne ma ya sa ba za mu bari a ɓuya a bayansu ba. A farkon shekarar 2020 binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya fito fili. Rahoton farko ya ambaci miliyar 76 na sefa da suka salwanta ta hanyar ƙara farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Daga baya mai shigar da ƙara ya sauko da lissafin zuwa miliyar 30 da ƴan kai.

To mu ɗauki ƙaramin lissafin, nasu na bakinsu. Miliyar ɗaya miliyan dubu ne. Ƙananan hukumomin Nijar sun haura 250. A raba musu miliyar 30, kowace za ta tashi da sama da miliyan 100. Ku zauna a fada ku yi lissafi da kanku, da miliyan 100 keken ɗinki nawa za a saya, injin walda nawa, masu gareji nawa za a biya su riƙe yara biyar biyar, ma'aikatan jin daɗin jama'a nawa za a ba moto da esansi na shekara. Kasafin kuɗin ƙasar nan ya haura miliyar 2,000 a shekara. A 2018 sun ƙara haraji, waɗanda suka fito suka ce ya yi yawa aka rufe su wata da watanni. Mun biya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kada kuma a manta, kaso ma ba kyauta ba ne. Yaron da ke zaune a can yana jiran shari'a, gwamnati ce ke biyan masu gadinsa da ɗan abin da yake ci, uwarsa kuma tana sayar da akuya tana cikawa. Ana kashe kuɗin ko ta yaya. Ana dai kashe shi a wurin da ba ya haifar da komai sai ƙwararren ɓarawo.

Wasu cikinku, mutanen kirki, za su ce tarbiyya aikin iyaye ne, gwamnati ba ta haifi ɗan kowa ba. Haka ne, kuma uban da ya saki ɗansa zai amsa tambaya gaban Allah. Amma uban da ke Legas ko Libiya yana ci-rani wata takwas a shekara, uwar da ke da bakwai a gabanta, in ɗaya ya fi ƙarfinta ƙofar wa za ta buga? Yau ƙofa ɗaya ce a buɗe, ta ƴan sanda. Akwai iyayen da da kansu suke kai yaro su ce a rufe shi ya ji jiki, don ba su da wani wurin. Akwai masu tsallakawa da shi Najeriya su kai gidan mari, kun kuma ji abin da aka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019, yara cikin sarƙa, jiki duk tabo. Iyayen nan ba mugaye ba ne, neman taimako suka fita ba su samu a gida ba.

Wasu kuma za su ce muna kare ɓarayi. Wanda aka sace wa moton da yake ci da iyali da shi yana da gaskiya in ya yi fushi, ba mu kuma ce a shafa kan wanda ya yi kisa ko fyaɗe ba. Amma mai moton, me ya fi so, a rufe yaron wata takwas ya fito ya saci na maƙwabcinsa, ko a sa shi aiki ya biya abin da ya ɓata? Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, haka mai unguwa da liman da dattawa ke sasanta irin wannan tun kafin a gina kotu. Gwamnatin wancan lokaci da kanta ta yarda da wannan hanya a wani wuri. A ƙarshen 2016 ta yi kira ga ƴan Boko Haram su ajiye makami, ta buɗe musu cibiya a Gudumariya, aka koya musu sana'a, a Disamban 2019 aka yaye rukunin farko. Ba mu ce kuskure ba ne, in zai kawo zaman lafiya a yi. Tambaya muke yi. In wanda ya ɗauki bindiga ya cancanci a koya masa sana'a a mayar da shi cikin jama'a, yaron Tasawa da ya ɗauki salula me ya yi da ya fi wannan? Ko sai ya ɗauki bindigar tukuna za a san da shi?

ABIN DA ZA MU YI, DA ABIN DA ZA KU TAMBAYA

Ƴan takararmu sun ɗauki alkawarin cewa kuɗin rigakafin laifukan yara da gyaran shari'arsu zai samu layinsa na kansa a cikin kasafin ƙasa, da sunansa da adadinsa, daga harajinmu, kowace shekara. Abin da baƙi suka kawo ƙari ne, in sun tafi aiki ba zai tsaya ba. Kuɗin kuma ba zai kwana a Yamai ba. Kaso mafi girma zai sauka kai tsaye a ƙananan hukumomi, a fara da na bakin iyaka, domin magajin gari da kansiloli su ne suka san mai garejin kirki da telan da zai riƙe ɗan wani kamar nasa. A biya mai sana'ar, a ba yaron na abincin rana, ranar yaye shi a ba shi kayan aiki a hannu. Asusun FAFPA da cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi suna nan, harajin koyon sana'a da kamfanoni ke biya domin wannan aka yi shi, a bar shi ya tafi inda aka nufa, a kuma ajiye gurbi ga yaran da suka fito daga kaso.

Mun san abin da ke ranku, meri ma ana ci. Shi ya sa sharaɗin shi ne a kafe takarda a ƙofar meri, da Hausa da Faransanci, a kuma karanta a rediyon gari: ga abin da ya shigo, ga masu sana'ar da aka biya, ga adadin yaran da kowa ya ɗauka. Sunan yara ba zai fito ba, don kada a tona musu asiri. Ƙaramar hukumar da ba ta kafe ba, ba ta ganin na baɗi. A ɓangaren kotu kuwa, duk inda alƙalin yara yake a ba shi ma'aikaci da abin hawa, a biya masu kariya a kan lokaci, kuma kowane wata uku a kai wa majalisa adadin yaran da ke tsare da tsawon zaman kowane, domin ɗan majalisar yankinku ya samu abin tambayar minista.

Duk wanda ya zo ƙofarku a kwanakin nan, namu ne ko nasu, da atamfa ya zo ko da sabulu, ku tsayar da shi ku tambaye shi nawa ya sa hannu aka ware wa yaran garin nan, ina takardar. Waɗanda suka yi shekara goma a kan kujera ba su da hujjar cewa za su duba. Namu kuma ku riƙe wannan takarda, ku ajiye ta cikin akwati, ranar da suka hau ku fito da ita ku karanta musu.

Ku samari da kuka cika 18, kada wani ya ba ku jika biyu da ƙwaya ya ce ku je ku tarwatsa taron wani. In aka yi kame ku za a kwasa, shi yana cikin mota. An sa zaɓen kansiloli na ƙananan hukumomi da na jaha ranar Lahadi 13 ga Disamban 2020. Na shugaban ƙasa da ƴan majalisar dokoki ranar Lahadi 27 ga Disamban 2020. Wanda bai karɓi katinsa ba ya je ya karɓa tun yanzu, ya duba sunansa da lambar rumfarsa. Iyayenmu mata ku fito da wuri kafin rana ta yi zafi, ku biya ku ɗauki maƙwabciya.